Saƙon Goggo Sabuwa

A shekarar amai da gudawa, wato saba'in da ɗaya, ni Safara'u ina da shekara ashirin da shida, ina aikin jinya a Gumel. Ba wata babbar nas ba ce ni, kada wani ya ɗaga ni inda ban kai ba. Gyaran gado na iya, da wanke gyambo, da riƙe mai naƙuda, sai allura idan babu wanda ya fi ni a kusa. Da cutar ta ɓulla a Maigatari bayan wata kasuwar Alhamis, aka tara mu aka ce wa zai tafi. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ni da bakina ba ya zama lafiya na ce, "To ku fito fili ku ce Safara'u mana, tunda ita ce ba miji ba ɗa." Kafin in rufe baki an rubuta sunana. Washegari Landirofa ta sauke ni da ƙullin kayana a bayan garin Maigatari, ta juya abinta.

Abin da suke kira sansani rumfunan zana ne guda uku kusa da wata tsohuwar tsamiya. A ciki gadajen kara ne, kowanne an huda tsakiyarsa an ajiye bokiti a ƙarƙashi, don mai wannan cuta ba shi da lokacin tashi. Ma'aikatan lafiya mu biyu ne rak, ni da Malam Barau dispensa, mutumin Sule Tankarkar. Sai wani lebura, Dogo, mai zubar da bokitai da haƙa rami. Daga can nesa an ɗaura igiya daga wannan bishiya zuwa waccan, dogarin hakimi yana tsaye da sanda. Dangi iyakarsu igiyar nan. Ko uwarka ce ke ciki, a nan za ka tsaya.

Igiyar nan ita ta jawo mini abin da zan ba ku labari. Kun sani a ƙasarmu mutum ba ya mutuwa shi kaɗai. Sai an zauna a kansa, an laƙƙana masa kalmar shahada, an kasa kunne an ji abin da zai faɗa na ƙarshe. Kuma in an zo gaisuwa abin da ake fara tambaya ke nan, ya samu ya yi magana? Me ya ce? To yanzu an raba mutane da nasu, ba kowa a kan mai mutuwa sai ni. Ni ce 'ya, ni ce ƙanwa, ni ce mai laƙƙanawa. Da rai ya yi halinsa sai in wanke hannu in taka zuwa igiya, in sami masu shi, in ba su saƙonsu. Ba wanda ya sa ni wannan aikin, ba ya cikin takardar da aka ba ni. Amma wace mai imani ce za ta ji mutum ya ce ki gaya wa matata kaza, ta share?

Makon farko wallahi ko wasali ba na yarwa. Wani ya ce a ba ƙanensa gonar fadama, na isar. Wata ta ce kada a yaye 'yarta sai bayan damina, na isar. Wani tsoho ya ce a kwance jakinsa a ba shi ruwa, tun safe yake ɗaure a kasuwa, shi ke nan maganarsa ta ƙarshe a duniya, ita ma na kai ta yadda take. Ina kai saƙo ina kuka tare da masu shi, har Malam Barau ya ce mini, "Safara'u, ki riƙa rage wa gobe hawaye." Na ce, "Malam, kai dai nemi jijiyarka, ka bar ni da idona."

Gaskiyarsa ce. Kafin mako na huɗu hawayen sun ƙafe. Masu ciwo suna zuwa a kan jakuna, a amalanke, a goye, daga ƙauyukanmu da na tsallaken iyaka. Kwalaben ƙarin ruwa in Landirofa ta kawo yau, jibi sun ƙare. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano, tuwo da fura duk warin maganin wanke bokiti suke yi mini. In na samu na kishingiɗa, kunnena ba ya kwanciya, sai in riƙa jin ana kirana, in zabura in tarar ba kowa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ranar da na tsinci kaina tsaye a kan wani bawan Allah ina jin haushinsa don ya daɗe bai cika ba, ga wani a ƙasa yana jiran gadon. Na ce innalillahi, Safara'u, ke ce kuwa? Amma ko tsoron ma bai daɗe ba, shi ma gajiya ta cinye shi.

A nan saƙonni suka fara cakuɗe mini. In taka zuwa igiya, in dubi fuskokin mutane, in rasa wanne ne na wa. Mai maganar akuya na wannan ne ko na waccan? Sai na samo dabara, Allah ya yafe mini. Kowa na tarar sai in ce, "Ya cika da kalmar shahada, ya ce ya yafe wa kowa, shi ma a yafe masa." Shi ke nan, sai su ce alhamdu lillahi, su yi mini addu'a. Na gaya wa raina ai ba ƙarya ba ce sosai, wane ne zai mutu bai so a yafe masa ba? Haka na riƙa raba magana ɗaya ga mutum talatin, kamar mai rabon goro.

Malam Barau kuwa, shi da nake gani kamar ba abin da ke taɓa shi, shi ya riga ni faɗuwa. Mutum ne mai sanyin hannu, ko jijiya ta shige ƙashi sai ya lalubo ta. Ya fara da wanke hannu. Ya wanke, ya taka uku, ya koma ya sake wankewa, har fatar ta tsage tana jini. Daga nan ya shiga kiran masu rai da sunan waɗanda suka rasu. Wata safiya ya tsaya a kan wani magidanci, allura a hannunsa, ya kira ni a hankali.

"Safara'u, zo ki gani. Wannan ai jiya muka binne shi."

Na ce, "Haba Malam, yanzun nan aka kawo shi. Sa masa ruwa, yana tafiya."

Ya dube ni, ya dubi allurar, ya miƙo mini. "Hannuna ya ƙi," in ji shi. Ya fita ya zauna a gindin tsamiya, ya haɗa kai da gwiwa. Na yi faɗa, na yi lallashi, har zaginsa na yi, ni da ko sunansa ba na kira gatsau. Bai ɗago ba. Da Landirofa ta zo aka sa shi a baya, wanda ya zo da ita ya rubuta wai zazzaɓi ne. Wane zazzaɓi, jikinsa sanyi ƙalau! Mutanen gari kuma suka ce iskokin tsamiyar ne suka buge shi. Ni na san abin da ya same shi, don shi ne yake cina, amma ban san sunan ciwon ba, kuma ba wanda zan gaya wa. Aka ce in yi haƙuri, jibi za a turo wani. Jibin nan sai da ta yi kwana goma sha ɗaya.

A cikin kwanakin nan ne, ina ni kaɗai da Dogo, aka kawo Goggo Sabuwa. Fulani ne na wajen Gagarawa, sun zo da shanu sun sauka a dajin kusa da Maigatari. Wani dogon mutum mai kimanin shekara arba'in ne ya kawo ta a amalanke, ya ɗauke ta cak ya miƙa wa Dogo ta saman igiya. Na tambayi sunanta, ya faɗa. Na ce, "Kai fa, wa za a nema?" Ya ce, "Manu. Ni ɗanta ne." Ya koma gefe ya jingina da sandarsa.

Da ganinta na san an makara. Idanu sun faɗa, fata in ka tsunkula ba ta komawa. Na yi ta fama har na samu jijiya a ƙafa, na sa mata ruwa. Ƙusoshin da muke rataye kwalba a jikin dirkar rumfa duk da kwalba a kansu, sai na ɗaga tata da hannuna na tsaya. Bayan azahar ne, ga zafin nan na gabanin ruwa da ke sa mutum ya ji kamar an rufe shi da bargo. Rabona da in kwanta in miƙe ƙafa ban ma sani ba.

Can sai ta buɗe ido. Ta laluba ta kama wuyan hannuna na hagu, riƙo mai ƙarfi da ban zaci tana da shi ba.

"'Yata," in ji ta. "Ki ji da kyau."

Na ce, "Ina ji, Goggo."

"Ki gaya wa wancan..."

Iyakar abin da na ji ke nan. Wallahi tallahi iyakarsa ke nan. Ban faɗi ba, ban zauna ba, idona ma ban sani ba ko na rufe shi. Abin da na sani kawai, kafaɗata ce ta yi wani irin zogi na farka, na ga kwalbar da ke hannuna ta ƙare tas, inuwar rumfa ta matsa. Goggo Sabuwa ta cika, hannunta yana nan a kan nawa. Barci ne ya sace ni a tsaye.

Na kira Dogo mu gyara ta. Yana zuwa ya ce, "Kai, Malama, tsohuwar nan ta ba ki saƙo mai tsawo. Ina can ina wankin bokiti ina hango ku, tana ta magana kina ɗaga kai. Har hawaye na ga tana yi."

Na ce, "Ka ji abin da ta ce?"

"Ina fa zan ji daga can? Ai ke ce a kanta."

Na daka masa tsawa ya tafi ya kama aikinsa, shi da bai yi mini laifin komai ba. Ashe har ɗaga kai nake yi! Jikina ya saba da to Goggo, to Baba, har ya iya yi ba da ni ba. Baiwar Allah ta tattara ƙarfinta na ƙarshe ta juye mini abin da ke cikinta, tana ganin ina ji, ta tafi da sakankancewa saƙonta zai isa. Ko shahadar ma ban san ta yi ko ba ta yi ba. Na tsaya ina jira in ji wani abu a ƙirjina, baƙin ciki ko kunya. Ba abin da na ji sai ƙafafuna da ke ciwo.

Na wanke hannu na nufi igiya. Manu na ganina ya gane. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, yana duban ƙasa. Kun san Fulani da dauriya, ko gezau fuskarsa ba ta yi ba. Ya yi mini sannu da aiki, ya tambayi inda za a sa ta, ya tambaya ko za a bar su su yi mata salla daga nesa. Sai da ya gama duk wannan sannan ya ce, kamar abin bai dame shi ba, "Malama, tsohuwa ta samu ta ce wani abu?"

Da na ba shi maganata ta kullum na wuce, da ƙila shi ke nan. Amma nauyin abin da na yi ya sa na ga kamar ta yi kaɗan. Na ce bari in ƙara masa, in cika masa mudu, tunda na zubar da nasa na gaskiya. Na ce, "Ta yi magana. Ta cika da kalmar shahada. Ta ce, ki gaya wa Manu, Manu ɗana, na yafe masa duniya da lahira, Allah ya yi masa albarka."

Ya ɗago kai a hankali. "Ta ce me?"

Na maimaita.

"Manu ta ce? Da bakinta?"

Na ce, "Da bakinta."

Sandar ta zame daga hannunsa. Ƙaton mutumin nan ya sulale ya zauna a ƙasa daɓas, a gaban dogari, a gaban jama'a, ya rufe fuska da rawaninsa, kafaɗunsa suna rawa. Mutanen da ke wurin suka kau da kai. Ni dai ina tsaye kamar an dasa ni, ban gane abin da na taɓo ba.

Da ya samu numfashi ya ce, "Malama, ni ne ɗanta na fari. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni. Shekarata arba'in da biyu, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Wancan take ce mini, ko ta ce mai jan bijimi. In na shigo ta nan, ta fita ta can. Ko da na yi ciwon da aka fid da rai, daga bayan bukka take tsayawa ta tambayi wasu. Na san al'ada ce, ban taɓa riƙe ta ba. Amma wani lokaci in ina daji ni kaɗai sai in ce, anya kuwa kunyar ce kawai?" Ya share ido da gefen rawani. "Ashe tana riƙe da shi. Allah ya saka miki, Malama. Ba ki san abin da kika kawo mini ba."

Wayyo ni Safara'u! Kunyar ɗan fari ai ba baƙon abu ba ne gare ni, mu ma Hausawa muna yi, tawa uwar har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayana ba. Ga shi da kunnena na ji tsohuwar ta ce wancan. Da ina cikin hankalina ko a mafarki ba zan sa sunan nan a bakinta ba. Na buɗe baki in gyara, sai na ji Dogo yana ƙwala mini kira, an kawo wasu biyu. Na juya na tafi, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji da aka kira ni.

Abin mamaki, ni da na yi makonni ba na jin komai, wannan sai ya huda ni. Ina sa wa mutum ruwa ina jin muryarsa, Manu ta ce? Da bakinta? Na daina iya ba kowa maganar nan tawa ta kullum. In na je igiya sai in ce, ya cika, ban ji abin da ya ce ba, ko in ce bai yi magana ba. Wasu suka fara cewa nas ɗin nan ta yi baƙin hali. Su faɗa, oho musu. Ni abin da ke gabana ɗaya ne, in na sake ganin mutumin nan zan gaya masa gaskiya, ya tsine mini in ya ga dama, in samu in sauke. Na ƙudurta haka har na ji sauƙi-sauƙi.

Ranar sadakar uku da hantsi dogari ya aiko wai ana nemana. Na fito na hango Manu, ya yi wanka ya sa riga mai tsabta, ga ƙwaryar nono a ajiye a gindin igiya. Tare da shi akwai wata mace siririya, ba ta kai shi shekaru ba, ta ja mayafi har goshi.

Ya ce, "Malama, wannan ƙanwata ce, Asama'u. Daga gidan mijinta ta zo jiya. Na gaya mata, amma ina so ta ji daga bakin wadda ta ji."

Na ce, "Malam Manu, dama ina son ganinka. Akwai maganar..."

Asama'u ta katse ni. Ta yi masa magana da Fulatanci, gajeriya, sannan ta juyo gare ni. "Na ce masa akwai abin da zan tambaye ki na mata, game da yadda aka shirya ta. Mu matsa can."

Muka bi igiya, ita ta waje ni ta ciki, har muka yi nisan da ba zai ji ba. Ta tsaya ta dube ni ido cikin ido. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baiwar Allah, kada ki wahalar da ni. Innata ko da wuƙa a wuyanta ba za ta kira sunan nan ba. Shi namiji ne, kuma abin da yake nema ke nan tun yana yaro, shi ya sa ya karɓa. Ni na kwana ɗaki ɗaya da ita shekara goma sha biyar. Me ta ce?"

Na ce, "Ban ji ba."

"Ba ta yi magana ba?"

"Ta yi. Ta kama hannuna ta ce in gaya wa wancan. Daga nan barci ya ɗauke ni a tsaye, da kwalba a hannuna. Na farka ta cika."

Ta sake jefo mini tambaya.

"Ta daɗe tana maganar?"

"An ce ta daɗe."

"An ce," in ji ta. Ta maimaita a hankali, "An ce." Ta kama igiyar da hannu biyu. "Tun bara take cewa akwai abin da za ta gaya mana, ni da shi. In na matsa mata sai ta ce ba yanzu ba, da sauran lokaci. Ban san ko mene ne ba. Yanzu kuma har abada ba zan sani ba. Duk duniya ke kaɗai ta gaya wa, ke kuma kina barci."

Ban kare kaina ba. Me zan ce? In ce ni kaɗai ce a kan mutum arba'in? In ce abokin aikina yana can Sule Tankarkar an rufe shi a ɗaki ana yi masa turare? Duk gaskiya ne, amma ba zai dawo mata da kalma ɗaya ba. Na ce, "Ki yafe mini. Yanzu zan je in gaya masa, dama abin da na fito yi ke nan."

"Ba za ki gaya masa ba."

Na ce, "Ƙarya ce fa na yi masa. Kwana uku ke nan tana cina, ba na iya..."

"Tana cin ki!" Karon farko da muryarta ta tashi, ta waiga ta ga ko ya ji, ta sake sassautawa. "Ke kike so ki sauke kaya ki huta, shi ya ɗauka. Kin san yadda na same shi jiya? Uwarsa ta mutu, amma fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir. Ya gaya wa matarsa, ya gaya wa 'ya'yansa, na ji shi a garke yana faɗa shi kaɗai. Kin zubar da nawa, ba za ki ƙwace masa nasa ba. Ke kika ƙulla, ke za ki riƙe, har ki mutu."

"Ke fa, kin yafe mini?"

Ta daɗe tana kallona. Ta dubi hannuwana da magani ya cinye, ta dubi rumfunan da ke bayana.

"Na ga kin gaji," in ji ta. "Amma ban yafe ba tukuna. Zo mu je, yana jira."

Muka koma. A 'yar tafiyar nan na gane ba ni da mafita, gaskiyar da nake ganin za ta wanke ni an hana ni ita, kuma wadda ta hana ni ta fi ni gaskiya. Ban taɓa jin gajiya irin ta wannan taku ashirin ɗin ba. Na tsani kaina, na tsani aikin, na tsani waɗanda suka ajiye ni a nan suka manta da ni.

Manu ya matso har ƙirjinsa yana taɓa igiya. Ya ce, "Kun gama? To Malama, faɗa mata yadda tsohuwa ta ce. Yadda ta faɗa ɗin nan, kada ki rage komai."

Na dubi Asama'u. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafinta.

Na ce, "Ta ce, ki gaya wa Manu, Manu ɗana, na yafe masa duniya da lahira, Allah ya yi masa albarka."

Ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Ya taɓa kafaɗar ƙanwarsa ya ce, "Kin ji ko? Sau biyu ta faɗa."

Asama'u ta ce, "Na ji, Yaya."

Ya ce gobe za su tashi da shanu su koma wajen Gagarawa, ƙila ba za mu sake haɗuwa ba. Sannan, kamar mai jin nauyin roƙo, ya ce in ba zai takura mini ba, in ƙara faɗa masa sau ɗaya, ya tafi da shi.

Na ƙara faɗa masa.